Ciwon ƙafar Baba ya ƙi warkewa

Tambaya: Salam likita, don Allah mahaifina ne ke da ciwon suga, takalmi ya goge masa ɗan yatsa yau sati biyu kenan ciwon bai rufe ba, kuma wai shi ko zafi baya ji shi yasa ya ƙi zuwa asibiti. Me zamu sa masa a gida?

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya rashin jin zafin nan shi ya fi tayar min da hankali, don suga in ya daɗe yana hawa yana lalata jijiyoyin ƙafa mutum ya daina ji, jini kuma baya isa wurin sosai balle ciwo ya warke da wuri, kafin a ankara ƙwayoyin cuta sun shiga har ƙashi. Ki lallaɓa shi ku je asibiti yau ko gobe. Kafin nan a wanke da ruwa mai tsafta a rufe da bandeji, ya rage taka ƙafar, kar a sa masa komai da ka. In kin ga kumburi, wari, mugunya, zazzaɓi ko yatsan ya fara baƙi to a tafi nan take.

Bayan ya warke ki dinga duba masa ƙafa kullum har tsakanin yatsu, a goge wurin ya bushe, ruwan wanka ki taɓa da gwiwar hannu tukuna kar ya ƙona shi. Banda yawo ba takalmi, banda yanke kantar ƙafa (fatar da ta yi tauri) da reza, a zazzage takalmi kafin ya sa.