Hukuncin Rage Malmalar Tuwo Saboda Tsadar Hatsi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da tuwo da shinkafa da wake a kasuwar Gujungu duk ranar Lahadi. Hatsi ya yi tsada, masu saye kuma ba sa son ƙarin kuɗi. Sai na bar kuɗin yadda yake, na rage malmala, na koma zuba shinkafa da ƙaramin ludayi. Shin na shiga cikin masu tauye mudu?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah Ya sa albarka a sana'arki.

Ƙara kuɗi haƙƙinki ne. A hadisin Anas, da kaya suka yi tsada a Madina, an roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Rage yawan abinci ma halal ne, muddin mai saye ya san abin da yake saye.

Wanda ya zauna a rumfarki, kika zuba masa yana kallo, ya karɓa ya biya, cinikinku ya inganta. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abu bisa kintace, cikin sharuɗɗansa akwai mai saye ya gan shi da idonsa.

Ludayin nan ne ya fi damuna. Idan mutane sun saba cewa kuɗi kaza ludayi uku ne, ludayin ya zama ma'auni tsakaninku, domin abin da al'ada ta tabbatar tamkar sharaɗi ne da aka faɗa da baki. Sauya shi a ɓoye bai da maraba da aikin mai awon da ya bubbuge gindin mudunsa, kuma farkon Suratul Muɗaffifin a kan irin wannan yake gargaɗi da azaba. Haka malmalar da aka ƙulle a leda aka miƙa wa yaron da aka aiko, ko ƙanzo da aka binne ƙarƙashin shinkafa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Don haka ki faɗa musu a fili cewa malmala ta ragu, ludayi ya sauya. Waɗanda kika tauye kuma kin san su, ki sanar da su, ki cika musu ko ki nemi yafiya. Waɗanda ba ki sani ba, ki kimanta ki yi sadaka a madadinsu, tare da tuba.

Gyaran da kike yi wa tsofaffin abokan ciniki kyauta ce, babu laifi, in dai ba daga kwanon baƙo kika rage ba.

Wallahu a'alam.