Muryar Hajiya a guruf ɗin matan Aboabo: hannun amarya da barkonon Amurka

Salamu alaikum 'yan gida. Amarya, na ji saƙonki tun La'asar, ina bakin murhu ne. Kin ce yayanki ya aiko miki barkono daga Amurka, wai Carolina Reaper, kin yanka guda biyu da hannu haka nan, tun jiya hannun na ci da wuta, ko ki ƙara tsoma shi a ruwan ƙanƙara. Ni fa na san inda kika dosa, so kike a ce ki zuba shi a shitonki na sayarwa, soyayyen yajin nan. Zan zo nan.

Ruwa ba ya fitar da shi, ƙanwata. Abin da ke sa zafin, capsaicin suke kiransa, dangin mai ne, ruwa sai dai ya baza shi. Ki shafa man gyaɗa ko man ja, ki murza har ƙarƙashin farce, ki bi da sabulun wanke kwano, sau biyu sau uku, sannan ki tsoma hannun cikin madara mai sanyi. Baki ma haka ne, kofi ɗaya na burkina, gero da madarar nan, ya fi ledar piya wata guda biyar. Kuma don Allah ki yi wannan kafin alwala. Ni na taɓa gyara attarugu, aka kira Magariba, na tashi na shaƙa ruwa na wanke fuska. Raka'a uku ina zubar da hawaye, kishiyata na zaton tsoron Allah ne ya kama ni.

A'a tsaya, kar wata ta ji ni ta ɗiga mai a ido. Ido kam ruwa ne mai tsabta, a yi ta kwarara kamar minti 15, ban da murzawa. In bai lafa ba, asibiti.

Attarugun da muke saye a kasuwar Kejetia, a ma'aunin zafin barkono na Scoville bai wuce 100,000 zuwa 350,000 ba. Naki ya haura 1,600,000, tun 2013 masu littafin bajinta na Guinness suka ba shi kambun barkonon da ya fi zafi a duniya, sai a 2023 mutumin da ya samar da shi, Ed Currie, ya fito da Pepper X da ya doke shi. Ɗana ne ya karanto min, na ce mutumin nan ba shi da aikin yi. Kuma zafin ba a 'ya'yan ya taru ba, a farin naman nan na ciki yake, inda 'ya'yan ke maƙale.

Wannan maganar ruwan ita ta haɗa ni da mai injin unguwarmu. Na kai garin kunun jikana, yaro ana yaye shi, ashe mai injin ya gama niƙa wa wata barkono. Cokali ɗaya yaron nan ya sandare da ihu, uwarsa na kuka, ni ina duba ko kunama ce. Na koma wajensa, wai, "Hajiya ai na wanke da ruwa." Da ruwa! Masara da waken soya da gyaɗa, kwano guda cur, na zubar. Ko sannu bai ce ba, kuɗin niƙan ma bai mayar ba. Har yau in ya gan ni sai ya washe baki, "Hajiya an tashi lafiya?" Gara in hau mota in kai Asawase. Shekara nawa ke nan... to, a bar shi.

Shito kuma. Rabin guda ya ishi babbar tukunya, sauran ki cika da barkonon da kika saba. Ki sa safar hannu ta nitrile, irin shuɗiyar nan, siririyar latex tana bari ya ratsa. A tsakar gida za ki soya, yara su yi nisa, hayaƙin na shaƙe mutum. In kin markaɗa a bilenda kar ki buɗe murfi fuskarki a kai. Asankar da kika niƙa shi ciki, ki ware ta. Kuma ki gaya wa masu waakye da ke sayen naki, kar su ɗiba yadda suka saba.

Ki aiko min guda biyu gobe, a ƙulle cikin leda biyu. Kar ki ba yaron aiken a hannu.