Kallon ƙananan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a Ingila: daga ina za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana son zuwa Ingila kallon ƙananan ƙungiyoyi, ba na Firimiya ba, kana neman ta inda za ka fara. Ni dai Nottingham zan ce maka. A can Notts County take, wadda aka kafa a 1862, filinta Meadow Lane. Da ka tsallaka kogin Trent da ƙafa, ga filin Nottingham Forest nan.

Daga nan hau jirgin ƙasa zuwa Sheffield ka ga Sandygate, gidan Hallam FC, inda ake taka leda tun 1860. Ɗan ƙarami ne, a tsaye za ka yi kallo dab da layi, har faɗan da koci ke yi wa 'yan wasansa kana ji. Filin ma gangare gare shi, wanda ni a wurina shi ne daɗin abin.

Yawancin wasannin ranar Asabar ake yi da ƙarfe 3 na rana, wasu Talata da dare. Ka je tsakanin Agusta da Oktoba. Watan Janairu kam ƙyale shi, domin ruwa ko ƙanƙara kan sa a ɗage wasa a safiyar ranar, kuɗin jirginka ya tafi a banza. Bizar Schengen kuma, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ba ta shigar da mutum Ingila.