Kafin ka biya kuɗin murhun gashin nan

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, da hotuna biyu na murhun gashi mai aiki da gas da kake son ajiyewa a bayan gida. Ɗaya fari tas yana walƙiya, da makunnai shida a gaba. Ɗaya baƙi, mai uku. Ka ce in zaɓa maka, ka biya ta waya a kawo har ƙofa. Sannan ka ƙara da cewa babanka ya matsa sai ka tafi da ni kantin, kai kuma kana jin nauyi, domin an ba ka labarin yadda nake girgiza kayan mutane ina leƙa ƙarƙashinsu. Kana tambaya, wai wannan al'adar har yanzu dole ce?

Na yi dariya a wajen nan, har innarku ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Amma da dariyar ta lafa sai jikina ya yi sanyi. Abin da za ka kunna wa wuta, tukunyar gas na tsaye a gindinsa, 'ya'yanka na wasa a gefe, shi ne kake so mu yi cinikin biri a sama a kansa, daga hoton da mai kaya ya ɗauka da kansa, ta fuskar da ya ga dama?

Nauyin da kake ji, ni ma na taɓa jin irinsa, shi ya sa ba zan yi maka faɗa ba. Ina da shekara goma sha bakwai lokacin, ina koyon walda a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa. Wani mai hali da muke yi wa ƙofofi ya roƙe shi ya raka shi sayen irin wannan murhu. Maigidana ya ce in ɗauko jakar aiki in biyo su. Muka shiga wani ƙaton kanti mai daɓe kamar madubi, shi da rigar aikinsa duk tabon wuta, ni kuma ina ta ƙoƙarin ɓoye hannayena saboda baƙi. Ma'aikacin kantin ya kai mu gaban wanda ya fi kowane sheƙi, ya fara zuba bayani. Maigidana bai ko dubi gaban murhun ba. Ya zagaya bayansa.

Ya kama shi ta kusurwa biyu ya girgiza. Abin ya yi tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau, wani abu a ciki yana ƙarar kwano. Ya ɗaga murfin, ya karkaɗa shi hagu da dama ya ga ko yana wasa, ya sauke shi a hankali yana duba ko bakin ya zauna daidai ko haske na shiga. Ya ciro ragar da ake ɗora nama, ya auna ta a tafin hannu, ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba. Ba nauyi, da yatsa biyu na riƙe ta. Ya kwashe farantan da ke rufe wuta, ya latsa ɗaya da babban yatsa, ya lotsa. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika. Ya ɗora a kan murfi, ya zame ya faɗo. Ya ɗora a gefe, ya manne. Ya ɗora a ƙasan tukunyar wutar, ya manne ƙam. Daga nan dattijon nan ya tattare rigarsa, ya kwanta rigingine a tsakiyar kantin, ya tura kansa ƙarƙashin murhun.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ma'aikata sun tsaya suna kallo, wata mata ta ja ɗanta gefe. Shi kuwa daga can ƙasa yake kirana, wai in zo in gani. Dole na durƙusa. Ya nuna mini yadda aka haɗa ƙafafun da 'yan sirarun notina, ba walda ko ɗigo. Ya nuna bakin ƙarfen da aka yanka aka bari da kaifi, fenti bai kai wurin ba. Ya nuna tiren da kitse zai riƙa zuba, wanda sai ka kwance rabin murhun kafin ka ciro shi. A kan hanyar komawa ne ya ce mini, “Ƙarfe ba ya ƙarya, fenti ke yi masa.” Ya kuma ce, “Mai kaya yana kashe kuɗi inda ido ke sauka, yana rage hannu inda ido ba ya zuwa. In kana son sanin halinsa, je ka inda bai zaci za ka je ba.”

Sai daga baya na fahimci abin da mayen ƙarfen ke gaya masa. Farin ƙarfen nan da ake ce wa ba ya tsatsa ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai lamba 304, wanda ke da kuromiyam wajen kashi 18 cikin ɗari da nikel wajen kashi 8. Shi ne ke jure ruwa da gishiri da zafi, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi, sai dai ɗan ja kaɗan a inda aka lanƙwasa. Akwai mai lamba 430, wanda kusan ba nikel a cikinsa. Yana kama maye, ya fi araha, kuma ya fi saurin yin tabo idan yana kwana a waje. A ido duk fari ne. Wancan murhun, murfinsa kaɗai aka yi da mai kyau, domin shi ake gani. Sai dai in gargaɗe ka, yanzu gwajin mayen ma bai isa shi kaɗai ba. Akwai mai lamba 201, wanda aka rage masa nikel aka cika da manganis. Shi ma ba ya kama maye, amma bai kai 304 juriya ba. Don haka ka sa maye, ka kuma nemi a nuna maka lambar a rubuce. In takarda ta ce farin ƙarfe kawai ta yi shiru a kan lamba, shirun nan magana ce.

Maigidana ya nuna wa mutumin wani murhu a lungu, ba shi da kyan gani, tukunyar wutarsa ta zubin alminiyam ce mai kauri, ragarsa ta baƙin ƙarfen zubi, sai da na sa hannu biyu na ɗaga. Ya ce alminiyam ba ya tsatsa, ragar kuma tana riƙe zafi, in ana shafa mata mai bayan an gama za ta daɗe. Mutumin ya saurara, ya gode, sannan ya sayi mai sheƙin. Ya ce baƙi za su zo, yana son abin da za a gani.

Damina biyu aka yi, sai ga shi an sauke mana murhun a bakin shago. Murfin na nan yana walƙiya kamar ranar farko. Ƙasan kuwa ya zama rariya. Bututun wutar sun ci tsatsa, 'yan ƙananan hudojin sun haɗe sun zama tsaga, wuta tana fita ta inda ba a so. Ɗaya makunnin ya narke. Mutumin ya zo da hannu a naɗe, bai ce komai a kai ba, maigidana ma bai tambaya ba, bai kuma ce ai na gaya maka ba. Aka nemi sabbin bututu irin nasa ko'ina, ba a samu ba. Maigidana ya miƙo mini wayar walda ya ce in liƙe ƙasan. Ina taɓawa ƙarfen ya ɓule, na matsa gaba ya sake ɓulewa. Ya bar ni na yi ta fama har gumi ya jiƙa ni, sannan ya ce, “To, ka ga abin da ake ce wa kauri. Ƙarfen da ba shi da nama ba ya karɓar gyara.” Tun ranar ban sake jin kunyar durƙusawa a kanti ba. Har yau in na tuna hannun mutumin nan sai in ji da ma mun ƙara matsa masa.

Kauri kuma da lamba ake auna shi, ana ce mata geji, kuma a juye take: ƙaramar lamba ita ce mai kauri, 16 ya fi 22 nama nesa ba kusa ba. In ba a rubuta ba, yatsanka zai gaya maka, nauyin kwalin ma zai gaya maka.

Na ga ka ja layi a ƙarƙashin BTU 60,000 da ke jikin hoton farin, kamar shi ne hujjarka. BTU ma'aunin yawan zafi ne, amma wannan lambar tana faɗin yawan gas da murhun zai iya cinyewa a awa ne, ba zafin da zai isa ga nama ba. Kilo ɗaya na furofen, wani nau'in gas na girki, yana ɗauke da wajen BTU 47,000, ka ga in ka buɗe duka makunnan, fiye da kilo zai tafi a awa guda. Murhu mai siririn jiki da murfin da ba ya zama daidai yana shan gas ya watsar da zafin a iska. Mai kauri yana kai wa zafin da ake so da ƙasa da haka, ya kuma riƙe shi. Murfi shi ne rabin aikin. Mutumin da ya fito da murhun gashi mai zagayayyen murfi a 1952, George Stephen, ma'aikacin kamfanin ƙarfe ne a Chicago ta Amurka. Ƙwallon ƙarfe irin wanda ake jefawa a ruwa don yi wa jirage alama ya samu rabinsa ya yi aiki da shi. Na gawayi ne nasa, amma abin da ya gano bai canza ba: zafin da ka tsare shi ke gasa nama har ciki. Makunnai shida kuwa, sai ka tambayi kanka mutum nawa kake ciyarwa. Uku sun isa ka kunna gefe ɗaya ka bar ɗaya a kashe, ka matsar da naman da ya fara ƙuna. Kowane ƙarin bututu ƙarin abin da zai lalace ne.

Abin da ya fi damuna da ku 'yan yanzu shi ne taurarin yabon kaya da kuke ƙirgawa a waya. Yawancin masu ba da su, a makon farko suke rubutawa, kwali bai ma bar tsakar gida ba. Wa zai dawo bayan shekara uku ya ce ƙasan ya ɓule? Mu da, in za mu sayi abu, gidan wanda ya daɗe da irinsa muke zuwa mu ga yadda ya tsufa. Kakanka yakan ce a tambayi mai tsohon abu, kada a tambayi mai sabo. In dole sai ka karanta, nemi maganar waɗanda suka shekara da shi. Ka karanta garanti kuma layi-layi, domin sau da yawa shekarun da aka rubuta da manyan baƙaƙe na murfi ne, bututun wuta da raga nasu gajere ne a can ƙasa. Ka tambaya ko ana sayar da bututu da farantai da raga daban. Su ne ke fara mutuwa, ko a murhu mai kyau.

Duk wanda ka saya, akwai abubuwan da ba na so in ji ka yi wasa da su, ka faɗa wa maiɗakinka ma. Ranar da ka haɗa tiyo da tukunyar gas, ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowace mahaɗa, ka buɗe gas ba tare da ka kunna wuta ba; in ka ga kumfa na tashi, rufe, akwai yoyo. Kullum ka buɗe murfi kafin ka kunna. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi ya taru. In bai kama ba a karon farko, kashe, ka jira minti biyar. Ka ajiye murhun aƙalla mita uku daga bango da duk abin da wuta ke ci, kuma ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya kada ka ja shi cikin ɗaki ko gareji, domin iskar da ke kisa a nan ba ta da wari ba ta da launi. Harshen wutar ya zama shuɗi. In ya koma rawaya yana lilo, duba bututun, gizo-gizo na son saƙa a ciki idan an daɗe ba a kunna ba. Tiren kitse ka riƙa zubarwa. In kitse ya kama da wuta, rufe gas, kada ka watsa ruwa.

Ka ce in zaɓi ɗaya cikin biyun. Na sake duba hotunan da daren jiya da tabarau, duk ta gaba aka ɗauke su, murfi a rufe. Ban ga ƙafa ba, ban ga bututu ba, ban ga inda kitse ke sauka ba. Baƙin ya fi kwanta mini, amma ban san kaurinsa ba, kuma baƙin fenti ma yana rufe siririn kwano. In kunyar tafiya da ni ce ta yi maka yawa, ba zan kwanta a ƙasa ba, gwiwoyina ma ba za su yarda ba yanzu. Kai za ka durƙusa, ni in tsaya in faɗa maka inda za ka duba. Mayen ƙarfen maigidana yana nan a akwatina. Ka zo ranar Asabar da hantsi ka ɗauke ni, ka sa rigar da ba ka jin tsoron ta yi ƙura. Ka gaishe da yaran.

Baffanka.