Ƙafar Mai Jego Ta Kumbura: Man Zafi Zan Saya Ko Safa?

Tambaya: Matata ta haihu ta hanyar tiyata yau kwana goma sha biyu. Tun shekaranjiya ƙafarta ta hagu ta kumbura, sharaɓarta na ciwo. Mai kemis ya ce in sayi man zafi a riƙa murza mata, ƙanwata kuma ta ce safar nan mai matse ƙafa ta fi. Wanne zan saya? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Malam, kada ka sayi ko ɗaya. Kuɗin nan ka yi kuɗin mota da su, ka kai ta asibiti yau, ba gobe ba.

Abin da ka zayyana ya yi kama da daskarewar jini a jijiyar can cikin ƙafa. Ka zaunar da ita, ka jera ƙafafun biyu ka duba. Ɗaya ta fi ɗaya kauri? Ka ɗora bayan hannunka a kan sharaɓar, za ka iya jin ta fi ɗayar ɗumi, fatar ta miƙe tana sheƙi, wani lokaci ta ƙara duhu. Ciwon kan yi kamar ɗaurewar nama, sai dai ba ya saki, yana ƙaruwa in ta taka. Kumburin da aka saba gani ga mai ciki ƙafa biyu yake kamawa, ya sace in ta kwana. Na ƙafa ɗaya shi ne abin tsoro.

Jinin mai ciki yana ƙara saurin daskarewa, kariya ce don kada ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, kuma haka yake zama har kusan mako shida bayan an sauka, wato kwanakin arba'in ɗin nan. Ga tiyata, ga kwanciya. Abubuwa uku sun haɗu mata.

Batun murzawa kuwa, don Allah a hana kowa, har gwaggon da ke mata wankan jego. Gudan jinin na iya ɓallewa ya bi jijiya, ya ratsa zuciya ya toshe hanyar jini a huhu. In ka ga numfashinta ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji na sukarta in ta ja iska, ko zuciya na bugawa da sauri, ko tari da jini, ko jiri har ta faɗi, to ko tsakar dare ne a nufi sashen gaggawa. Haka ta faru da Serena Williams, gwanar ƙwallon tanis ta Amurka, bayan an yi mata tiyatar haihuwa a 2017. Da yake ta taɓa yin ciwon a 2011, ita ta matsa a yi mata hoto.

A asibiti ka ce ana zargin daskarewar jini, za a yi mata sikanin jijiyoyin ƙafa, irin na'urar da ake duba ciki da ita. In an tabbatar, akan fara da allurar tsinka jini irin su Clexane, kuma magani yakan ɗauki aƙalla wata uku. Ka gaya wa likita tana shayarwa, domin ba kowace ƙwayar tsinka jini ce ta dace da mai shayarwa ba.

Tambaya: Zan raka mahaifiyata Umara, shekararta 68, tana da jiki. Asfirin zan saya mata ko safa, don gudun daskarewar jini a jirgi? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: Allah ya karɓi ibada. Asfirin dai ki bar shi, sai in likita ne ya ɗora ta a kai tun da farko. Ba a ba da shawarar shan sa don tafiya kawai, kuma yana iya jawo zubar jini a ciki, balle ga mai gyambon ciki.

Safa tana da amfani ga irin Hajiya, tunda haɗarin na ƙaruwa in zama ya wuce awa huɗu, ga kuma zaman jira a filin jirgi. Ki nemi ta asibiti mai tsayawa ƙasan gwiwa, wadda aka rubuta matsinta tsakanin 15 zuwa 30 mmHg (ma'aunin ƙarfin matsi ke nan). Da safe ki auna idon sawunta da sharaɓa da tef ɗin tela kafin ki je saye. Kada ta naɗe bakin safar, zai shaƙe ƙafar. In tana da ciwon suga har ƙafa na mata dindiris, a tambayi likita tukuna.

Ki nema mata kujerar bakin hanya, ta riƙa tashi tana takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu, tana motsa sawu in tana zaune. Iyayenmu kan ƙi shan ruwa a jirgi don gudun shiga banɗaki da sake alwala. Ki lallashe ta ta sha. Bayan kun dawo ma ki ci gaba da sa ido a ƙafafunta na 'yan makonni, don gudan jinin kan bayyana ne bayan an sauka.