Maganar takwarata da ciwon suga

'Yata, na ga saƙonki tun jiya, wai likita a Garwa ya ce 'yarki, takwarata, na da ciwon suga irin na allura, ga bikinta bayan babbar Sallah, kina tambaya ko a al'ada ya dace a rufa kar dangin miji su ji. To ni Goggonki na ce a faɗa, wallahi a faɗa.

Rufin asiri da iyayenmu suka koya mana gaskiya ne, ba a tallan ciwo a kasuwa, amma miji da uwarsa ai ba kasuwa ba ne. Kin san amarya kwanakin farko ko loma ba ta yarda ta kai baki a gaban surukai, kunya, to yarinyar da ta yi allurar insulin ta zauna da yunwa cikin lulluɓi sugan jininta zai faɗi, in ya sauka ƙasa da 0.70 a ɗan injin nan na auna suga sai gumi da rawar jiki, magana ta rikice, mutanen gida su ce iskokai ne su kawo turare alhali abin da take bukata suga ne mai ƙwaya, kamar ƙwaya 3 a ruwa, in tana iya haɗiya. In ta suma kuwa ba a ɗura mata komai, asibiti kai tsaye. Na ga haka da idona a Marwa, 'yar maƙwabta, kan a gane ta kusa tafiya, uwar mijin tana kuka tana cewa me ya sa ba a gaya min ba.

Sai tsimin gyaran amarya, rake da dabino da zuma, dan Allah ki hana ƙawayenki ɗura mata. Folere, wato zoɓo, mai zaƙi da shayin nan namu da ake zuba suga kamar ba gobe, ku rage gida duka, kar a ware mata kwano ita kaɗai tana kallonku, abin yana cin rai. Tuwon dawarta ta ci daidai gwargwado da miyar ganye.

Masu cewa ta bar allura ta sha saiwa ki yi musu godiya kawai. Irin nata jiki ne ya daina yin insulin, ba shan zaƙi ya jawo ba, ki daina zargin kanki. Kafin a gano maganin a Kanada a 1921 masu irinsa ba sa daɗewa, yanzu kuwa suna aure suna haihuwa, sai dai kafin ta ɗau ciki likita ya daidaita ta. Zafin Garwa na Maris da Afrilu yana lalata maganin, in wuta ba ta tsayawa a ƙulle shi a leda a ajiye cikin sanyin randa. Azumi kuma ta bi maganar likitanta, Allah Ya yi wa majinyaci rangwame a Suratul Baƙara.

Ita za ta fara gaya wa yaron da zai aure ta da bakinta, shekararta 22, ki tambaye ta yadda take so. Wajen uwar mijin ki bar min, ran Alhamis in sha Allahu ina hanya, mu je tare da la'asar. Ki gaishe min da takwarata, ki ce kakarta na mata sannu.