Gwajin kaki na tarin fuka: likita ya amsa tambayoyinku

Likita, ni ɗalibin aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. Tsakanin rinin Ziehl-Neelsen da na auramine, wanne ya fi kama cutar?

Asalinsu ɗaya ne. Fatar ƙwayar tarin fuka kitse gare ta, in ta sha rini ruwan asid ba ya wanke shi. A Ziehl-Neelsen, za ka zuba jan rinin carbol fuchsin a kan gilashin da ka shafa wa kaki, ka ɗumama har ya fara tururi, amma kada ya tafasa ko ya bushe, ka bar shi minti 5. Sai ka wanke da asid, ka bi da shuɗin methylene. Ƙwayoyin za su fito jajaye, sirara kamar guntun zare a kan shuɗi. Dole ka ɗiga mai, ka duba a madubin ƙara girma (microscope) da ninki 1000, ka bi fili 100, wato wurare 100 a kan gilashin, kafin ka rubuta babu. A nan ake samun kuskure, domin ido yana gajiya idan gilasai sun yi yawa.

Auramine ba ya son wuta. Minti 20 yake sha, a wanke da asid, a rufe da potassium permanganate minti 1. Da ninki 200 ko 400 ake dubawa, babu mai, ƙwayoyin na ƙyalli ruwan ɗorawa cikin duhu. Ya fi sauri, kuma yana ɗara wancan da kusan kashi 10 cikin 100 wajen kama cutar, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar komawa ga madubi mai fitilar LED, wanda ake duba auramine da shi, a 2011. Ni ma shi na fi so. Sai dai ƙyallin yana dusashewa, don haka ka ɓoye gilashin daga haske, ka karanta a ranar. Idan permanganate ya daɗe, zai kashe ƙyallin, kuma sabon hannu yakan ɗauki datti mai sheƙi a matsayin ƙwaya.

Likita, maigidana ya yi wata biyu yana tari da zufar dare, amma gwajin kaki ya ce babu komai. Mu kwantar da hankali?

A'a Hajiya, ku koma. Madubin da ake duba kaki da shi ba ya ganin cutar sai ƙwayoyi sun kai 5,000 zuwa 10,000 a kowace mililita ta kaki, saboda haka yakan tsallake yara da masu ƙanjamau da wanda cutar ba ta yi nisa ba. Sau da yawa ma yawu ake kaiwa maimakon kaki. Da asuba ya kuskure baki da ruwa, ya fita fili, ya ja dogon numfashi sau uku, ya kakaro daga ƙirji kamar cikin ƙaramin cokali. Ku nemi gwajin GeneXpert, na'urar da ke neman ƙwayoyin halittar cutar a cikin kaki. Cikin kamar awa 2 yake gano cutar, har ya nuna ko tana bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka.

Ina shan magani, me ya sa aka mayar da ni gwajin madubi?

Malam, GeneXpert yana kama har gawar ƙwayar, zai iya cewa akwai alhali magani ya kashe ta. Shi ya sa da madubi ake bibiya, a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6. Ko sakamakon wata na 2 ya fito babu, ka cika wata shida na shan magani.